Kogwannin Udayagiri da Khandagiri: Ɗakunan dutse da sarki ya fafe wa masu gudun duniya a Indiya

Duk baƙon da ya hau tudun Udayagiri, a gefen birnin Bhubaneswar da ke gabashin Indiya, abin da zai fara lura da shi shi ne yawancin ɗakunan wurin ba sa shiguwa a tsaye. Ƙofofin gajeru ne, sai mutum ya durƙusa, wasu ma sai da rarrafe. Idan ya shiga, rufin ba zai bar shi ya miƙe ba. Babu gado, babu murhu, babu wurin ajiyar kaya. Abin da ke ciki kawai shi ne daɓen dutse, wanda aka ɗan ɗaga daga can ƙurya domin mai kwanciya ya samu inda zai ɗora kansa.

Masassaƙan da suka yi wannan aiki sun san sana'arsu. Hannayen da suka fafe ɗakunan su ne suka zana giwaye da makaɗa da mayaƙa a saman ƙofofin, zanen da har yau masana ke tattaki domin su gani. Da gangan aka ƙuntata ɗakunan, saboda mutanen da aka yi wa su sun ɗauki alkawarin rabuwa da jin daɗin duniya. Su ne sufayen addinin Jain, waɗanda suka zauna a wurin fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Tuddan biyu ne, suna fuskantar juna, hanyar mota ta ratsa tsakaninsu. Udayagiri na da kogwanni 18, Khandagiri kuma na da 15. Dukkansu suna cikin jihar Odisha, wadda a zamanin da take cikin ƙasar da ake kira Kalinga, kuma Hukumar Binciken Kayan Tarihi ta Indiya ce ke kula da su. Wasu daga cikin kogwannin asalinsu ramuka ne na halitta da aka faɗaɗa, amma mafi yawansu da guduma da tsinin ƙarfe aka haƙa su cikin dutsen.

Su wane ne mabiya Jain?

Addinin Jain na daga cikin tsofaffin addinan Indiya, ko da yake mabiyansa kaɗan ne. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna sun kai kimanin miliyan 4.5, wato kashi 0.4 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma a watan Janairun 2014 gwamnatin tarayyar Indiya ta sanya su cikin jerin tsirarun addinai. A jihar Odisha kanta, inda waɗannan kogwanni suke, waccan ƙidaya ta nuna ba su kai 10,000 ba.

A aƙidarsu, akwai manyan malamai 24 da suka zo ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suke kira Tirthankara, ma'ana mai buɗe wa mutane maƙetarar rafi. Na ƙarshensu shi ne Mahavira, wanda ya rayu a arewa maso gabashin Indiya a zamani ɗaya da Buddha, kimanin ƙarni biyar zuwa shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sun yi imani cewa rai yana ta komowa duniya a jiki bayan jiki, kuma duk aikin da mutum ya aikata, musamman cutar da wani mai rai, yana manne wa ruhinsa kamar ƙura, yana ƙara ɗaure shi. Mafita a wurinsu ita ce a daina tara wannan ƙura, a kuma ƙone wadda aka riga aka tara ta hanyar azumi da horon jiki.

Daga nan ne alkawura biyar na sufi suka samo asali: ba zai cutar da wani abu mai rai ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai kusanci mace ba, kuma ba zai mallaki komai ba. Na farkon, wanda suke kira ahimsa, shi ne uwar sauran, kuma sun kai shi inda babu wani addini a Indiya da ya kai shi. Sufi yana share inda zai zauna da tattausan tsintsiya don kada ya danne ƙwaro. Ba ya cin abinci bayan faɗuwar rana. Ba ya hawa abin hawa, da ƙafa yake tafiya, kuma gashin kansa da hannu yake tuge shi.

Daga baya mabiyan sun rabu gida biyu. 'Yan Svetambara suna sa fararen tufafi. Manyan sufayen Digambara kuwa ba sa sa sutura ko kaɗan, domin a ganinsu ko ƙyalle mallaka ne. Sau ɗaya suke cin abinci a yini, a tsaye, a tafin hannunsu, kuma abin da suke riƙewa bai wuce tsintsiyar gashin dawisu da butar ruwa ba.

Damina ce ta kawo ɗakunan

Mutumin da ya haramta wa kansa mallaka, me zai yi da ɗaki? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Ka'idar sufi ita ce ya yi ta yawo, kada ya daɗe a gari ɗaya har ya shaƙu da shi. Amma daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana sauka a Indiya kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta cika da tsutsa da kwaɗi da tsiro. Duk takun da matafiyi zai yi a wannan lokaci, zai iya hallaka rayuka. Saboda haka aka wajabta wa sufaye su tsaya wuri ɗaya na tsawon wata huɗu, zaman da ake kira chaturmas, wanda har yau suna kiyaye shi.

Zaman wata huɗu yana buƙatar mafaka daga ruwa, nesa da hayaniyar gari, amma ba nesan da zai hana a shiga gari neman abinci da safe ba. Tudun dutse a bakin gari ya cika waɗannan sharuɗɗa. Idan mai ziyara ya riƙe wannan a ransa, sai tsarin wurin ya fara yi masa bayanin kansa. Barandar da ke gaban kowane jerin ɗakuna tana tare feshin ruwa, tana kuma da dakalin dutse inda za a zauna a yi karatu. A wasu kogwannin an haƙa ƙananan magudanu domin fitar da ruwan da ke tsattsafowa ta cikin dutsen. A jikin tuddan akwai tafkunan da aka fafe don tara ruwan sama, kamar wanda ake kira Akasha Ganga a Khandagiri. A bakin wasu ƙofofi ana iya ganin ramukan da ke nuna cewa an taɓa rataya musu ƙyauren katako.

Wani abin lura shi ne, masassaƙan sun riƙa kwaikwayon ginin itace da gora a cikin dutse. Sun zana shinge da azara da madogaran rufi a inda dutsen ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Gidajen katakon da suka kwaikwaya sun ruɓe tun tuni, don haka waɗannan kogwanni sun zama daga cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda gine-ginen Kalinga suke a wancan zamani.

Ba a Kalinga aka fara irin wannan aiki ba. Tun a ƙarni na uku kafin Miladiyya, Sarki Ashoka ya sa an fafe kogwanni a tuddan Barabar da ke jihar Bihar ta yau, ya ba wa wata ƙungiyar masu zuhudu da ake kira Ajivika. Abin da ya bambanta Udayagiri shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin ya bar tarihin mulkinsa a rubuce a jikin dutsen.

Layi 17 na Sarki Kharavela

Kogo na 14, wanda ake kira Hathi Gumpha ko kogon giwa, ba shi da wani kyan gani. Rami ne mai faɗi na halitta da aka ɗan gyara. Amma a goshinsa, inda dutsen ya rufo, akwai rubutu mai layi 17 cikin harshen Prakrit da haruffan Brahmi. Kusan duk abin da duniya ta sani game da Sarki Kharavela na gidan sarautar Mahameghavahana daga wannan rubutu ya fito. Babu wani littafin tarihi na zamaninsa da ya ambace shi. Da dutsen ya rufta, da mafi yawan labarinsa ya tafi tare da shi.

Rubutun ya buɗe da gaisuwa ga waliyan addinin Jain, sannan ya bi rayuwar sarkin shekara bayan shekara. Ya ce an naɗa shi yarima mai jiran gado yana ɗan shekara 15, bayan ya koyi rubutu da lissafi da shari'a, ya kuma hau gadon sarauta yana da 24. A shekarar farko ta mulkinsa ya gyara ƙofofi da ganuwar babban birninsa, waɗanda guguwa ta rushe. Wannan layi bai tsufa ba ko kaɗan ga mutanen Odisha. Mahaukaciyar guguwar da ta afka wa jihar a 1999 ta kashe kimanin mutum 10,000, kuma a watan Mayun 2019 wata da aka kira Fani ta sauka a Puri, ta yi ɓarna mai yawa har cikin Bhubaneswar.

A shekara ta biyu, in ji rubutun, ya tura runduna yamma ba tare da ya damu da Sarki Satakarni ba. A ta uku ya shirya wa talakawansa bukukuwan rawa da kiɗa. A ta biyar ya janyo wata hanyar ruwa, wadda wani sarkin gidan Nanda ya haƙa tun da daɗewa, har zuwa cikin birninsa. A ta takwas ya kai hari Gorathagiri, wurin da masana suka gano cewa shi ne tuddan Barabar ɗin nan da Ashoka ya yi wa kogwanni, kuma rubutun ya ce labarin wannan hari ya sa wani sarkin Yavana, sunan da Indiyawan da ke kiran Girkawa da shi, ya ja da baya zuwa Mathura. A ta 12 ya durƙusar da sarkin Magadha, ya kuma dawo da wani abin bauta da ake kira Jina na Kalinga, wanda sarkin Nanda ya kwashe a da. Sai a shekara ta 13 aka zo kan tudun kansa, wanda rubutun ya kira Kumari, inda ya ce sarkin ya sa an yi wa sufaye masauki.

Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai a fili yake. Ga addinin da ya hana taka tururuwa, ga kuma babban majiɓincinsa yana lissafa garuruwan da ya ci da yaƙi a goshin ɗakin sufaye. Malaman Jain suna bayanin cewa alkawarin da ke kan magidanci bai kai na sufi tsanani ba, kuma an yarda sarki ya ɗauki makami domin kare ƙasarsa. Sai dai tafiyar da ta kai rundunar Kalinga har Magadha da wuya a kira ta kare kai. Rubutun bai nuna alamar ganin wani saɓani a nan ba. A ƙarshensa ma ya yabi sarkin da cewa mai girmama kowace ɗariƙa ne, mai gyara wuraren ibadar kowa.

Akwai tsohon ciwo a bayan wannan alfahari. Wajen shekara ta 261 kafin Miladiyya, Ashoka na daular Maurya, wadda cibiyarta ke Magadha, ya ci Kalinga da yaƙi. A wani rubutunsa na dutse shi da kansa ya ce an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma nadamar wannan ce ta karkata shi ga koyarwar Buddha. A Dhauli, 'yan kilomita kudu da Bhubaneswar, akwai dokokin Ashoka a jikin dutse, amma wancan sashe na kisa da nadama ba ya cikin waɗanda aka rubuta wa mutanen Kalinga. Don haka lokacin da Kharavela ya rubuta cewa sarkin Magadha ya faɗi a ƙafafunsa, yana magana ne da mutanen da kakanninsu suka ga wancan yaƙi.

Karanta rubutun ya ɗauki masana shekaru masu yawa. Wani jami'in mulkin mallakar Birtaniya, Andrew Stirling, shi ya fara jawo hankali gare shi a shekarun 1820. James Prinsep, wanda ya warware haruffan Brahmi, ya gwada karanta shi a 1837, amma bai gano sunan sarkin daidai ba. Sai a 1885 masanin nan ɗan Indiya, Bhagwan Lal Indraji, ya wallafa karatun da ya tabbatar da sunan Kharavela. Har yau ba a gama jayayya ba, domin ruwa da iska sun cinye haruffa da dama, musamman a layukan tsakiya.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman matsalar. A inda aka ambaci hanyar ruwan sarkin Nanda, akwai wata jimlar adadi da ake iya fassara ta da shekara 103, ake kuma iya fassara ta da shekara 300. Gidan Nanda ya yi mulki a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. Idan 300 ce, Kharavela ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya ke nan, kuma wannan ne ra'ayin mafi yawan masana a yau, ganin cewa salon haruffan ma ya dace da wannan lokaci. Wasu kuwa suna mayar da shi ƙarni na biyu. Haka nan sunan sarkin Yavana ya goge har ta kai kowane mai karatu yana ganin abin da yake tsammani.

Fadar sarauniya

Kogo mafi girma kuma mafi ƙawa shi ne na farko, Rani Gumpha, wato kogon sarauniya. Hawa biyu ne, da ɓangarori uku da suka kewaye wata farfajiya, gefe na huɗu a buɗe. Dutsen wurin mai yashi-yashi ne, mai saurin marmashewa, don haka ginshiƙan barandar ƙasa sun zube tun da daɗewa, zanen da ke ƙarƙashinsu ya sha rana da ruwa. Na hawan sama ya fi tsira.

A nan ne baƙo ke cin karo da abin mamaki na biyu. Ɗakunan Rani Gumpha ma matsattsu ne, babu ado a cikinsu. Amma a waje, a saman ƙofofin, duniyar da sufayen suka bari ce aka baje. Akwai mace tana rawa, makaɗa mata suna zaune da ganga da sarewa. Akwai sarki da kwari da baka yana bin barewa. Akwai namiji da mace suna faɗa da takobi da garkuwa, sannan a zane na gaba namijin ya sunkuce ta. Akwai giwaye a cikin tafki, da birai, da itatuwa masu 'ya'ya. A wani gefe an sassaƙa mai gadi sanye da doguwar riga da takalma masu rufe ƙwauri, shigar da ba ta mutanen yankin ba ce, kuma masana da yawa suna ɗaukarsa a matsayin sojan Yavana.

Babu rubutun da ya bayyana labarin da zanen ke bayarwa. Wasu masana suna danganta shi da rayuwar Parshvanatha, malami na 23, wasu kuma da tsofaffin hikayoyin soyayya na Indiya, irin na Udayana da Vasavadatta. Abin da babu jayayya a kansa shi ne abin da ba a zana ba. A kogwannin wannan zamani na farko babu siffar Mahavira ko ta wani Tirthankara. Alamomi kawai ake gani, irin su itace mai shinge da ake girmamawa. Wuraren kwana da halwa ne, ba ɗakunan bauta ba. A ƙolin tudun, masu tono sun gano harsashin wani gini mai zagayayyen baya, wanda ake kyautata zaton shi ne wurin ibadar mazauna tudun.

Ba sarki kaɗai ya kashe kuɗi a nan ba, kuma ƙananan rubuce-rubucen da ke bakin ƙofofi sun adana sunayen wasu. A hawan sama na kogo na tara, uwargidan Kharavela ta rubuta cewa ita ta sadaukar da shi ga sufayen Kalinga. A hawan ƙasa akwai sunan Sarki Kudepasiri da na wani yarima, Vadukha. A nan ne kuma ake ganin zanen wasu manyan mutane suna tsaye cikin ladabi gaban wani abu da ya goge, wanda wasu ke ganin bikin mayar da Jina na Kalinga ne.

Kogo na 12, Bagha Gumpha, shi ne abin son yara da masu ɗaukar hoto. An sassaƙa gabansa kamar kan damisa ta wage baki, haƙoran sama sun zama rufin baranda, maƙogwaron kuma shi ne ƙofar ɗakin. Rubutun da ke jikinsa ya ce na alƙalin gari ne, mai suna Sabhuti. Shi kuma Ganesh Gumpha, kogo na 10 mai giwaye biyu a bakinsa, sunansa ya samo asali ne daga siffar Ganesha, abin bautar mabiya Hindu, wadda aka sassaƙa a bangonsa ƙarnuka da dama bayan an haƙa shi.

Khandagiri: lokacin da ɗaki ya zama wurin bauta

Tsallaka hanya zuwa Khandagiri tsallaka kusan shekara 1,000 ne. Akwai tsofaffin kogwanni a nan ma, kuma mafi kyawunsu shi ne Ananta Gumpha, mai siffofin macizai a saman ƙofofinsa. Amma a wajen ƙarni na 11, zamanin Sarki Uddyotakesari na gidan Somavamshi, an sake fasalin wasu ɗakunan. An zurfafa daɓensu domin mutum ya iya tsayawa, an rushe bangon da ke raba su, aka sassaƙa siffofin Tirthankara a jere, wasu a zaune, wasu a tsaye. Hakan na nuna cewa addinin ya sauya salo. Wurin da aka yi don sufi ya kwana ya koma wurin da magidanci zai zo ya yi addu'a.

Sunayen kogwannin na wannan ɓangare suna bin abin da ke cikinsu. Navamuni na nufin waliyai tara. Barabhuji na nufin mai hannu 12, saboda siffofin mata biyu masu hannaye 12 da ke barandarsa. A asali masu hidima ne ga Tirthankara a aƙidar Jain, amma mazauna yankin mabiya Hindu sun daɗe suna girmama su a matsayin tasu abar bautar. A ƙolin tudun akwai wurin ibadar 'yan Digambara da aka gina a ƙarnukan baya-bayan nan, wanda har yanzu ake amfani da shi. Daga farfajiyarsa ana hango birnin Bhubaneswar a shimfiɗe.

Irin waɗannan wurare suna warwatse a wasu sassan Indiya. A Sittanavasal, cikin gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu, akwai wani kogon halitta mai gadajen dutse 17 da aka goge suka yi santsi, kowanne da matashinsa, kusa da wani ƙaramin kogo mai zanen fenti na tafkin furanni da kifaye da tsuntsaye. A Ellora, jihar Maharashtra, kogwanni biyar na ƙarshe daga cikin 34 na mabiya Jain ne, an haƙa su a wajen ƙarni na tara, kuma suna cikin wurin da Hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 1983. Indra Sabha na Ellora ya fi komai na Udayagiri ƙawa nesa ba kusa ba, amma shi gidan bauta ne tun daga tushe. Wanda yake son ganin yadda sufi ya rayu, gadon dutsen Sittanavasal da ɗakin Udayagiri ne za su nuna masa.

Abin da ke cin dutsen

Babban abokin gabar wurin shi ne ruwan da aka yi ɗakunan don guje masa. Yana shiga ta tsagar dutse, yana ɓantarar da fuskar zane, yana shafe haruffa. Tun a farkon ƙarni na 20 aka gina wata rumfa mai ginshiƙai a gaban Hathi Gumpha domin ta kare rubutun, kuma yawancin ginshiƙan da ake gani a wasu barandu na gyara ne. Sauran ɓarnar ta ɗan Adam ce. Masu ziyara suna kankara sunayensu a bango, suna shafa zane da hannu, suna hawa kan giwayen dutse don ɗaukar hoto. A Sittanavasal irin wannan hali ya lalata sashe mai yawa na fentin kafin a tsaurara tsaro. Ga kuma birnin Bhubaneswar da ya bunƙasa har ya kewaye tuddan, ya kawo hayaƙi da girgizar manyan motoci.

Ga mai niyyar zuwa, wurin ba shi da nisa daga filin jirgin sama na Biju Patnaik da ke cikin birnin, kuma tasi ko keke mai ƙafa uku zai kai mutum har gindin tuddan. Lokaci mafi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, dutsen ya yi ƙuna, hawan matakala ya zama wahala. Ana sayen tikiti kafin shiga Udayagiri, kuma kuɗin baƙi 'yan ƙasashen waje ya fi na 'yan ƙasa, kamar yadda yake a sauran wuraren da hukumar ke kula da su. A wurin ibadar da ke ƙolin Khandagiri ana cire takalmi. Birai sun yi yawa a tuddan biyu, kuma sun saba fizge leda ko abinci daga hannun mutane.

Ya kamata matafiyi ya tabbatar da inda ya nufa tun kafin ya sayi tikitin jirgi, domin akwai wasu kogwannin masu suna Udayagiri a kusa da Vidisha, jihar Madhya Pradesh, waɗanda aka haƙa a ƙarni na biyar zamanin daular Gupta, kuma mafi yawansu na mabiya Hindu ne. Ko a cikin Odisha akwai wani Udayagirin dabam a gundumar Jajpur, wanda kufai ne na mabiya Buddha.

A watan Magha na kalandar Indiya, wanda ke faɗowa tsakanin Janairu da Fabrairu, ana yin wani taron shekara-shekara a gindin Khandagiri, inda masu zuhudu da 'yan kasuwa da 'yan kallo ke cika wurin na kwanaki. Sufayen Jain kuwa har yanzu suna tafiya da ƙafa daga gari zuwa gari, suna kuma tsayawa idan damina ta faɗi, amma a zaurukan da mabiyansu suka gina musu a cikin birane suke yin watanni huɗun. A Udayagiri, ma'aikatan hukumar suna fitar da baƙi su rufe ƙofa da yamma, babu mai kwana a ɗakunan.